Zumar da Ba Ta Ga Wuta Ba

Me ya sa ni na rage, shi ya tafi? Tun ranar da aka kai shi nake yi wa kaina wannan tambaya, har yau ban samu amsa ba. Ni ce aka taɓa fid da rai a kaina. Ni ce 'yan'uwana na Mayahi suka taɓa zuwa dubawa da likkafani naɗe a ƙasan kwando, suna zaton ban gani ba. Shi kuwa mutum ne da bai taɓa kwana gidan likita don kansa ba, mutumin da ya hau gawo da furfura a kansa. Zazzaɓi kaɗan, sai ga shi a kan makara ana fita da shi, ni ina tsaye a ƙofar ɗaki da ƙafafuna biyu ina kallo. Malamai sun ce kowa da wa'adinsa, kuma na yarda. Amma yarda daban, sanyin zuciya daban.

Ban yi karatu ba. Jikata ce ke riƙe da alƙalami, ni ina faɗa daga kan tabarmar takaba. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, don ba na so a manta da shi.

Ranar zaman makoki zaure bai ɗauke mutane ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi har gindin darbejiya. Ƙanensa ya kasa amsa gaisuwa, kai kawai yake ɗagawa. Amininsa Bafillace, wanda suka tsufa tare, ya ƙi zama a tabarma. Ya tsuguna a bakin danga da sandarsa, da aka matsa masa sai ya ce, "Yanzu in na ga zuma ta sauka a daji, wa zan gaya wa?" Mata kuwa, kowace ta shigo ta ce mini ya haƙuri, sai idonta ya sauka kan ƙafata ta hagu. Yayarsa, wadda idonta ya tafi, ita ce ba ta ɓoye ba. Ta lalubo ƙwaurina, ta shafa tabon da tafin hannu, ta ce, "Wasu gona suke bari, wasu shanu. Ƙanena ga abin da ya bari." Nan kukan da nake dannewa ya ƙwace mini.

Malam, maigidana, mai zuma ne, kamar ubansa. Da ciyawar gamba yake saƙa amya, gidan ƙudan zuma, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara, ya rataye ta a kan gawo a gonakin da ke yamma da garinmu Hawandawaki. In ya je ɗiba, ba ya kwashe saƙar duka. Yakan ce baƙon kirki ba ya cinye rumbun mai masauki. Akwai shekarar da ya daina gaisawa da maƙwabcinmu na gona don ya yi wa wake feshi da rana tsaka, wake na fure, zuma ta zube a ƙasa kamar an watsa riɗi. Sai da liman ya shiga tsakani, aka daidaita a kan feshi sai da yamma liƙis. Bayan nan matar maƙwabcin ta haihu, Malam ne ya fara aika mata da zuma, ya ce a gaya mata ta uwa ce, kada a laƙa wa jinjiri ko a baki.

Abin da ya haɗa ni faɗa da shi tun ina amarya shi ne tata. Kowane mai zuma a ƙasarmu tukunya yake azawa a wuta, ya zuba saƙar ta narke, kaki ya taso, ya tace, gobe yana kasuwar Tasawa. Wasu har sukari suke ƙarawa. Malam ba ya yi. Zai farfasa saƙar a cikin farin ƙyalle, ya ɗaure, ya rataye a azarar ɗakina, ya sa ƙwarya a ƙasa, ya kewaye ta da toka saboda tururuwa. Daga nan sai jira. Ɗiso ɗaya, ɗiso ɗaya, kwana da kwanaki. Ƙudan zuma su bi ƙanshi su cika mini ɗaki, ba dama in yi barcin rana.

Nakan ce, "Malam, kowa ya kai tasa kasuwa ya dawo, kai kana gadin ƙyalle."

Sai ya ce, "Zumar da ta ga wuta, zaƙi kawai ya rage mata. Ku mutanen Mayahi, gaggawa ce ta hana ku tsawo."

"Ku kuma da tsawon naku me kuka tsinko?"

"Ke na tsinko, 'yar Mayahi."

Haka yake kashe mini baki. Na taɓa tambayarsa me wuta take cirewa a zuma. Ya ce bai sani ba, haka ya ga ubansa yana yi, kuma hancinsa na jin bambanci. Wannan gardama mun yi ta har 'ya'yanmu suka yi 'ya'ya.

Ciwona da kaka ya soma. Tushiyar hatsi ce ta yanke ni a ƙwauri, yanka ɗan ƙarami, na ɗaure da tsumma na ci gaba da aiki. Da ya fara ruwa, aka yi mini abin da ake yi wa kowa a garinmu. Aka sayo ƙwayar nan mai kai biyu, ja da rawaya, wurin masu tallar magani a kasuwa, aka buɗe ta aka barbaɗa garin a kan ciwon, aka ba ni wata na haɗiya. Ciwo ya lafa, muka bari. Ya dawo, aka sake sayowa. Duk wanda ya zo dubiya da irin ƙwayarsa a aljihu, kuma kowa don ƙauna yake kawowa. Malam ya so ya sa mini zuma tun farko, ya sa kuwa, amma a kan ciwon da ba a wanke ba, bisa garin ƙwaya da tsumma. Ba ta yi komai ba.

Kafin wata kakar ta zagayo, yankan ya zama gyambo mai faɗin tafin hannu. Samansa ya yi wata yana mai yauƙi, ruwan toka-toka, in an goge yau gobe ta dawo. Wari kuwa, jikokina suka daina shiga ɗakina. Shi kaɗai ke shigowa da ƙwaryar furarsa ya zauna kusa da ni ya sha, kamar hancin nan nasa mai jin zumar da ta ga wuta ya mutu.

Babban ɗanmu, wanda ke tuƙin mota a tashar Tasawa, shi ya zo ya ɗauke ni zuwa gidan likita. Aka yi mini allurai, aka sauya, aka sake sauyawa. Gyambo ko gezau. Likita ya ɗebi ruwan ciwon ya aika Maradi. Da amsa ta dawo, ya tara mu ya yi mana bayani a hankali. Ya ce ƙwayar cutar da ke ƙafata ta sha magani kaɗan-kaɗan har ta saba da shi, yanzu kusan duka ba ta jin su. Guda ɗaya ya rage da take tsoro, shi ma ba ya isa gare ta sosai. In ciwon ya kai ƙashi ko ya shiga jini, sai a kai ni Maradi a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, kuma jinkiri na iya cin raina.

Ɗanmu ya ce, "Baba, rai ya fi ƙafa. Mu tafi tun da sauran lokaci."

Malam ya ce, "Gaskiyarka."

Na ce, "Ba za a binne ni sau biyu ba. In za ni, da ƙafata za ni."

"Inna, ki bar wannan magana."

"Kai ka bar ta. A kan ƙafar nan na goya ka."

Ya fita waje yana share ido da hularsa. Ban ga laifinsa ba, a ranar ma ban gani ba. Daga nan Malam bai ƙara bin bayan ɗansa ba, bai kuma bi bayana ba. Ya zauna yana murza carbi.

Mai wanke mini ciwon wata mata ce da ake kira majo, ita ce babba a ɗakin wankin ciwo, 'yar Damagaram, sa'ar ɗiyata ta biyu. Washegari tana kwance ƙyallen sai Malam ya matso ya ce, "Ɗiyata, wannan yauƙin fa, mene ne shi?"

Ta ce, "Baba, gidansu ne. Ƙwayoyin cutar ba warwatse suke ba. Sun taru sun yi gari, sun lulluɓe kansu da wannan yauƙi kamar ganuwa. Magani ya zo ya tsaya a waje."

Ya ce, "Kamar randa ke nan. In cikinta ya yi santsi, ko ruwan famfo ka zuba, gobe ya yi wari. Sai an kankare."

Majo ta ɗago ta dube shi, ta ce, "Haka yake. Kankarewa kuwa zan iya. Abin da na rasa shi ne abin da zai hana su sake gini kafin gobe." Sai ta ce a karatunsu an nuna musu cewa a wasu manyan asibitoci ana ɗaure irin wannan ciwo da zuma ta musamman, wadda aka tsabtace don ciwo, amma ba ta zuwa nan. Ta ce ba zaƙin kawai ke aiki ba. Ƙudan zuma yana sa wasu abubuwa daga jikinsa a ciki, ƙanana ƙwarai, ido ba ya gani, suna huda fatar ƙwayar cuta kamar ƙaya ta huda salkar ruwa, ruwanta ya zube. Ƙwayar da ta koyi kauce wa maganin kanti, wannan ba ta saba da shi ba. Ta ce irin abin nan Allah ya sa shi a yawun bakinmu, da nonon uwa, har a fatar kwaɗo, kuma masu bincike suna ta ƙoƙarin su mai da shi magani.

Malam ya ce, "Ashe kwaɗo ma likita ne, muna ta jifarsa."

Ta yi dariya, ta ce, "Amma wuta tana lalata ƙarfin zumar. Ta kasuwa kuwa, ka san yadda ake yin ta."

Ban taɓa ganin Malam ya dube ni irin duban da ya yi mini a lokacin ba. Da ya yi magana da ya fi mini sauƙi.

Majo ba ta yi gaban kanta ba, sai da ta kai maganar gaban likita. Likita ya yarda a gwada, tare da allurar nan guda da ta rage, amma da sharaɗi. Ya ce wannan gwaji ne, ba alkawari ba, yana iya yi yana iya ƙi. In jikina ya yi zafi, ko kumburi ya hau sama, ba sauran gardama, sai Maradi. Malam ya ce, "In haka ta faru, ni da kaina zan sa ta a mota, ko tana zagina." Ɗanmu ya ji wannan, hankalinsa ya ɗan kwanta. Don ya taimaka, ya ruga kasuwa ya sayo kwalba cike da zuma. Ubansa ya buɗe, ya sansana, ya mayar da marfin, ya ce, "Kai wa 'ya'yanka su sha da koko."

Matsalar ita ce zumar gida ta kusa ƙarewa, 'yar kaɗan ce ta rage a gora, don ya rabar da ita kamar yadda ya saba. Gawo bai daɗe da fara fure ba, lokacin ɗiba bai yi sosai ba. Malam ya daɗe da daina hawa saboda gwiwa, samarin da ke hawa masa kuma duk sun tafi cin rani. Ya bar wa majo goran, ya ce za shi gida ya dawo.

Abin da ya faru a can ban gani ba, amininsa Bafillace ne ya ba ni labari daga baya. Ya ce da magariba Malam ya same shi a ruga ya ce zo ka riƙe mini igiya. Ya ce masa, "Kai tsoho, matarka ƙafa ɗaya za ta rasa, kai wuya kake so ka karya?" Malam ya ce, "In na faɗo, ka tare ni, ai kun saba tare maruƙa." Ya tuɓe riga, ya ɗaura bakin wuta na hayaƙi, ya hau. Ƙayar gawo ta yayyage shi. Amya ta farko ba komai sai 'ya'yan zuma, ya rufe ta, ya sauko. Ta biyu haka. A ta uku ya samu saƙar da ta nuna. Bafillacen ya ce yana ƙasa yana jin Malam a sama, zuma na harbinsa, shi kuma yana ba su haƙuri, yana ce musu ba don kasuwa ba ne. Kuma duk da haka sai da ya bar musu rabonsu.

Da hantsi wani mutum ya shigo ɗakin da nake kwance, fuska kumbure kamar tulu, ido ɗaya a rufe. Sai da ya yi sallama na gane muryar.

Na ce, "Malam, wa ya yi maka wannan?"

Ya ce, "Na je roƙon magani wurin masu shi, suka ce sai na biya da fuska. Dama ba ta da wani kyau."

Majo ta dafa ƙyalle ta shanya shi, ta ba shi kwano mai marfi da ta tsabtace da kanta. A kusurwar ɗakin wankin ciwo Malam ya rataye ƙullinsa, kamar yadda yake ratayewa a azarata. Ɗiso ɗaya, ɗiso ɗaya. Ina kwance ina jin ƙarar ɗigarta, abin da na yi shekaru ina tsine wa, ina roƙon Allah kada ya tsaya.

Kankarewar ba zan iya kwatanta ta ba. Kullum da safe majo za ta cire yauƙin nan har sai jini ya fito, ta wanke, ta shafa zuma a ƙyallen likita, ta rufe. Zumar ma da zafinta. Malam yakan riƙe mini kafaɗa, ya ce, "Yi kuka, 'yar Mayahi, randa ma da tana da baki da ta yi." In an gama, ba ya bari in kwanta. Zai tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Taka in gani." In dafa bango in ja ƙafa in isa gare shi. Ya ce, "Koma, ban gani da kyau ba, idona ɗaya ne."

Kwanakin farko ba abin da ya sauya. Har akwai ranar da jikina ya yi ɗumi, likita ya zo ya daɗe yana duba ƙafar, ɗanmu ya kawo mota bakin ƙofa. Malam ya naɗe mini tabarma da hannunsa, don ya yi alkawari. Ina kallonsa yana ɗaure ta. Aka ɗebi jinina, aka ce zazzaɓin sauro ne, ba daga ƙafar ba. Ya kwance tabarmar ya shimfiɗa, ya fita bayan ɗaki, ya daɗe bai dawo ba.

Wari ne ya fara tafiya. Wata safiya matar da ke gadon kusa da ni ta ce, "Iya, yau fa na ci tuwona ban juya baya ba." Bayan nan majo ta kwance ƙyalle, ta tsaya, ta ce a kira likita. Yauƙin bai dawo ba. Ƙasan ciwon ya yi ja kamar cikin kankana, bakinsa kuma ya fara tsukewa. Likita ya duba, ya ce allurar ta samu hanya, a ci gaba, maganar Maradi a ajiye ta tukuna. Majo ta juya ta ce, "Baba, zumarka ta yi."

Ya ce, "Na sa mata ita tun bara ba ta yi ba. Hannunki ne ya buɗe mata ƙofa."

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, kafin gyambon ya rufe sarai. Ranar da aka sallame mu, ɗanmu ya kai mu har Hawandawaki, ranar kasuwa ce. Zai wuce da mu gida sai Malam ya ce a sauke mu nan. Ya sa ni gaba, muka ratsa kasuwa tun daga 'yan hatsi har 'yan dabbobi, ni ina takawa, shi yana baya da sandarsa yana amsa barka kamar wanda ya dawo daga Makka. Mata suka yi ta guɗa. Ya tsaya gaban masu zuma, abokan sana'arsa da suka daɗe suna kiransa mai gadin ƙyalle, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi iyalansu, bai ce komai a kan zuma ba. Ni ce na ɗage zanena kaɗan na nuna musu ƙwaurin.

A hanyar gida na ce, "To, faɗi abin da ke bakinka."

Ya ce, "Ni? Ba abin da ke bakina. Ina dai tunanin inda zan rataye ƙyalle bana, tun da an ce ɗakin wata ya gaji."

Na ce ya rataye goma.

Bayan nan mutane suka yi ta zuwa da masu gyambo, har daga ƙasar Mayahi, suna neman zumar da ta warkar da ni. Bai taɓa ba wa kowa a hannu ba. Yakan ce, "Ku je a kankare randa tukuna. Zumar tana can wurin majo." Duk ɗiba sai ya ware na ɗakin wankin ciwo ya aika. Wasu sun warke. Wani dattijo mai ciwon sukari bai warke ba, sai da aka yanke ƙafar, kuma Malam ya je har gidansa ya wuni. In ya ga ana buɗe ƙwaya mai kai biyu a kan ciwo, sai ya ce, "Kuna koya wa cuta kokawa." Biyu daga cikin masu zumar garinmu sun bar aza tukunya. Majo an mai da ita wani gari, amma da ta ji rasuwar ta zo a kan babur, ta durƙusa gabana, ta kasa cewa komai sai "Baba."

Damina da yawa na yi noma da ƙafar nan. Da ita na je sunan jikokina, da ita na ɗebo masa ruwan alwala har ƙarshe.

Zazzaɓin da ya tafi da shi bai daɗe ba. An kawo likita, an yi abin da za a yi. Ranar ƙarshe da la'asar ya farka, hankalinsa garau, ya ce a ɗan ɗaga shi. 'Ya'ya suna waje suna alwala. Na kawo masa ruwa a moɗa ya kurɓa, na juya na kai moɗar bakin randa, na dawo. Ashe yana bin ƙafata da ido. Daga baya an ce ya yi kalmar shahada a hannun ƙanensa, Allah ya karɓa, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa mu tarar da shi cikin rahama. Amma ni maganarsa ta ƙarshe gare ni a lokacin nan ce, da na zo zan zauna. Ya ɗaga yatsa ya nuna ƙofa, yana murmushi, ya ce:

"Kada ki zauna tukuna, 'yar Mayahi. Koma ki taka, in ƙara gani."